Ratar yatsa biyu: yadda aka mayar da injin Peugeot 504 a wani gida a Agege

Motar Peugeot 504 ce salun, fara, haɗin Kaduna, mai giya huɗu. Mai ita wani Alhaji ne ɗan kasuwa, haifaffen Agege, jikan waɗanda fataucin goro ya kawo Legas suka zauna. Ta mahaifinsa ce. Da aka zo rabon gado ba wanda ya ɗaga ido ya dube ta sai shi, domin tun kafin rasuwar tsohon injin ya fara haɗa ruwa da baƙin mai, an jingine ta a lungun tsakar gida an lulluɓe da tamfol. Alhajin ya ce shi zai tashe ta, kuma a gida zai yi, ba zai kai ta gareji ta zama wurin ajiye tsummokara ba.

Mutum uku ne suka riƙe aikin. Akwai Alhajin kansa, da ɗan ƙanwarsa wanda ke koyon gyaran motocin Japan a wani gareji, sai wani dattijon bakanike da kowa ke kira Baba, wanda ya yi ƙuruciyarsa a ƙarƙashin Fijo tun lokacin da ita ce motar haya daga Kaduna zuwa ko'ina. Ni maƙwabci ne, hannuna aka nema wajen jan sarƙa, shi ya sa na ga abin da zan faɗa da idona.

Wanda bai san 504 ba zai yi mamakin wannan wahala a kan tsohuwar mota. A Faransa aka fito da ita a 1968, ta ci kyautar motar shekara ta Turai a 1969, ta lashe tseren Safari na Gabashin Afirka a 1975, kuma a wannan shekarar ce kamfanin Fijo na Najeriya, PAN, ya fara haɗa motoci a Kakuri, Kaduna. Shekaru kusan talatin ana haɗa ta a can, har ta zama motar gwamnati, motar ɗan kasuwa, motar tasha. Injinta na fetur mai silinda huɗu ne, girmansa 1971 cc, bulok na ƙarfe, tof silinda na alminiyam, kuma ba a tsaye yake ba, a kishingiɗe yake wajen dama. Wannan kishingiɗar tana da daɗi wajen tsarin bonet, amma ranar ɗaga inji da sarƙa ita ce ke sa shi juyawa inda ba a so.

Abin da ya kwantar da motar

Silindar wannan inji ba a jikin bulok aka huda ta ba. Silib ne guda huɗu da ake zurawa, ruwan sanyaya inji na zagaye su kai tsaye, kuma a gindin kowanne akwai siririn gaskit da ke raba ruwa da mai. In gaskit ɗin nan ya gaji, ko wani ya cire tof silinda ya juya kiranshaf ba tare da ya danne silib ɗin ba, ruwa zai sauka cikin baƙin mai. Abin da ya sami wannan motar ke nan. An shawarci Alhaji ya sayi inji ɗan Beljiyam ya ɗora ya huta. Ya ƙi, kuma ina ganin ya yi daidai: lambar injin da ke jikin bulok ita ce a takardun motar tun na mahaifinsa, sannan injin 504 da za a samu yanzu a kasuwa shi ma tsoho ne, ba wanda ya san abin da ke cikinsa. Tsarin silib ɗin ma don haka aka yi shi, a zare tsofaffi a zura sababbi bulok na nan yadda yake.

Aka sauke inji aka kai wurin masu aikin inji, suka sa silib da fistin da ringi da metal, suka wanke tof silinda, suka ɗaura fulawil da sabon kuloci, suka dawo da shi fes da fenti. Daga nan sai kuɗi suka tafi wata hidima. Inji ya zauna a shago a kan tsohuwar taya, mota ta zauna a tsakar gida bakinta buɗe, har damina biyu ta wuce a kansu.

Babban ɓangaren matsalar da aka fuskanta daga baya a wannan zaman ta samo asali. Injin an kula da shi, an toshe ƙofofinsa da tsumma, ana juya shi lokaci lokaci. Abin da aka manta shi ne rabin da ya rage a jikin mota. Iskar Legas ba ta Kano ba ce. Ƙarfen da aka bari tsirara a nan, ko ruwa bai taɓa shi ba, laimar da ke cikin iska kaɗai ta ishe shi, kuma tamfol ba ya hana ta, tara ta ma yake yi a ƙarƙashi.

Shirin ɗagawa

Tsakar gidan ba ta da ƙarfen sama da za a rataya cen bulok, wato sarƙar ɗaga kaya masu nauyi, don haka aka yi hayar ƙafa uku ta bututun ƙarfe. Daɓen intalok ne kuma ya ɗan gangara wajen kwata. Baba ya sa aka shimfiɗa katako mai kauri ƙarƙashin kowace ƙafa, aka ɗaure ƙafafun uku da sarƙa daga ƙasa don kada su baje, domin abin da za a rataya ya kai nauyin buhun siminti uku ko kusa da haka. Tunda ƙafa uku ba ta tafiya, mota ce za ta zo wurin inji: a ɗaga shi sama, a turo motar ƙarƙashinsa a hankali, a sa duwatsu a tayoyin baya. An cire bonet tun farko, lagireto da fanka ma suna gefe.

Akwai abin da ya kamata a sani game da salun ɗin 504. Farfelarta, wato sandar da ke kai juyin inji zuwa tayoyin baya, a cikin wani dogon bututu take, wanda ya haɗe giyabos da difaransha ta baya suka zama abu ɗaya. Daga gaba kuma, kujerun inji guda biyu ne ke ɗauke da inji da giyabos tare. Ma'ana, da zarar an zare inji, bakin giyabos ba shi da mai riƙe shi sai abin da aka tokara masa. Lokacin saukewa an tokare shi da guntun katako, katakon ya sha ruwa ya lotse, giyabos ya sunkuya. Baba ya lura da wannan, ya sa jak da ɗan allo a ƙarƙashi. Ya kuma canza beyarin kuloci da ke kan cokali, ya tabbatar cokalin na zaune a kan ƙwallonsa. Amma kulocin da ke jikin inji bai taɓa shi ba, tunda a ɗaure ya zo daga masu aikin inji.

Inda aka cije

Inji ya sauka cikin ɗakinsa ba tare da wata wahala ba, gindinsa ƙasa, gabansa sama, kwanon mai ya wuce ƙarfen gindi da kyar. Aka fara turawa baya. Ya tafi, ya tafi, sai ya tsaya da ratar kusan yatsa huɗu tsakaninsa da kwanon giyabos. Baba bai ce a ƙara ƙarfi ba. Ya zura yatsunsa a sama, ya kwanta ya zura a ƙasa, ya ce saman ya fi matsewa, fuskokin biyu ba su kalli juna ba. Aka ɗaga jak ɗin giyabos, aka sassauta sarƙa kaɗan, har ratar ta zama ɗaya ta kowane gefe. Yaron ya sa sifana a notin fulin gaba ya juya kaɗan, aka ji inji ya zame ya shiga. Saura yatsa biyu. A nan ya kafe.

Aka girgiza, aka ɗaga, aka sauke, aka juya, ko gezau. Rana ta take, sarƙa ta fara cin hannu. Yaron ya shiga cikin akwatin kayan aiki ya fito da dogayen notoci biyu.

“Kawu, mu kama shi da waɗannan mu ja. Yatsa biyu ne fa kawai. A garejinmu haka muke yi.”

Alhaji ya dubi Baba. Baba ya karɓi notocin ya sa a aljihu.

“Yaro, noti ba ya jin zafi, shi ya sa ba ya sanin ya yi ɓarna. Hannu ne ke sani. Alhaji, in ka yarda da ni, a bar shi haka tukuna.”

Shawarar yaron ita ce kowa ke kawowa a wannan gaɓar, kuma wani lokaci ana yi a tsira. Amma noti yana da ƙarfin da ya fi na mutum goma, kuma duk abin da ya tokare, ƙarfin nan a kansa zai sauka. Kwanon giyabos na 504 alminiyam ne, kunnensa na iya tsagewa. Cibiyar farantin kuloci na iya lanƙwashewa, daga baya mota ta riƙa karkarwa wajen tashi ko giya ta ƙi shiga. Bushin da ke gindin kiranshaf na iya murƙushewa. Ƙarfin na iya bi ta sandar giyabos ya ci beyarin cikinta, ko ya danne kiranshaf gaba a kan sababbin metal. Mafi muni, yawancin wannan ɓarnar ba a ganin ta ranar. Sai an gama haɗa komai an hau titi sannan ta bayyana, a sake sauke inji.

Abin da Baba ya yi maimakon haka shi ne ya tambayi ratar. Ya sa aka saka giya ta huɗu, aka cire duwatsun taya, ya ce yaron ya juya kiranshaf. Motar ta yi yunƙurin motsawa. Wannan ya nuna haƙoran sandar giyabos sun riga sun shiga cikin farantin kuloci, ba su ne suka hana ba. Abin da ya rage shi ne siririn kan sandar, wanda dole ya wuce faranti ya shiga ɗan bushin tagulla da ke tsakiyar kiranshaf. Tsawon kan nan kuwa bai wuce ratar da ta rage ba. Ke nan ɗaya cikin biyu ne: ko farantin ba a tsakiya yake ba, yana riƙe sandar a karkace, ko bushin da kan sandar ba su dace da juna ba.

Akwai dabarar da ake yi a irin wannan hali, a taka kuloci don farantin ya saki ya gyara zama da kansa. A nan ba ta yiwu ba, domin kulocin 504 da mai yake aiki, kuma robobin famfonsa sun mutu a zaman da motar ta yi, fedar a ƙasa take kwance. Yaron ya ce a danna cokalin da ƙarfe. Baba ya ƙi, ya ce inji na lilo a sarƙa, hannun mutum na tsakanin ƙarfe biyu, ba zai yi ba. Aka ja inji aka fito da shi.

Abin da aka gani

Da tocilan aka leƙa. Ba sai an auna ba, ido ma ya ga ramin farantin ya kauce daga ramin bushi, wajen ƙasa. Masu aikin inji da ido suka daidaita shi, tunda giyabos ba ya wurinsu. Sannan aka koma kan sandar giyabos. Kanta ya yi tsatsa ja, har ya ɗan kumbura, haƙoranta kuma sun cushe da busasshen giris da ƙasa. Bushin sabo ne, a matse yake, kuma ba a taɓa gwada shi da sandar da zai zauna da ita ba. Wato duka biyun ne suka haɗu. Da an ja da noti, da kan nan mai tsatsa zai shiga bushin a karkace ya yage shi.

Maganin bai da tsada, sai dai ya ci yini. Yaron ya tafi Owode Onirin, kasuwar tsofaffin ƙarafa da ke hanyar Ikorodu gaba da Mile 12, ya samo tsohuwar sandar giyabos ta 504 da aka yanke daga matacce. Babu abin daidaita kuloci da ya kai ta, domin ita ce ainihin abin da zai shiga wurin. Kafin ya dawo Baba ya goge haƙoran sandar motar da burushin waya, ya bi kanta da lallausar sanfefa har ya yi haske. Ya kwance kulocin gaba ɗaya, ya ɗauki farantin a hannu ya zura a sandar motar, ya ga yana kai da komowa ba ya cijewa. Wannan gwajin na minti ɗaya ne, kuma da an yi shi da safe da ba a kai ga wannan ba. Bushin ya jiƙa shi da baƙin mai, bai sa masa giris ba, haƙoran kuma ya shafa musu giris ɗan kaɗan ya goge ragowar, don in ya yi yawa juyawa za ta watsa shi kan farantin, kuloci ya riƙa zamewa.

Aka mayar da farantin, an duba gefen da ke kallon fulawil, aka zura tsohuwar sandar ta ratsa shi har cikin bushi, sannan aka ɗaure murfin kuloci a hankali, noti ɗaya nan ɗaya can a gicciye, zagaye bayan zagaye. Bayan kowane zagaye Baba sai ya zare sandar ya mayar. Ya ce ranar da za a iya zare ta a mayar ana riƙe da ita da yatsa biyu kawai, ranar inji zai shiga.

Washegari da sassafe, kafin zafi, aka sake. Fuskoki suka daidaita, aka juya kiranshaf kaɗan, mutum biyu suka tura da tafin hannu, inji ya tafi har ƙarshe ya zauna a kan ƙusoshin jagora da ƙara ɗaya. Notocin da hannu aka fara ɗaura su har suka kusa ƙarewa kafin sifana ta taɓa su.

Sauran haɗi

Kujerun inji sababbi ne daga Ladipo a Mushin. Kamar kowace kasuwar kayan gyara, akwai mai kyau akwai mai bi masa, Baba da kansa ya je ya zaɓa. Ba a ɗaure su tamau ba sai da aka saki sarƙa nauyi ya zauna, aka girgiza injin ya nemi wurinsa. Salansa, tiyo, wayar totur, sitata, duk sun tafi ba labari.

Wayoyi ne suka ɗan ja lokaci. Takardun da aka manna musu lokacin saukewa laima ta cinye rubutun, ɓeraye kuma sun yi aikinsu a bayan dashbod. Hotunan da yaron ya ɗauka a waya kafin a kwance su ne suka taimaki mai riwaya. Mai riwayar ne kuma ya lura babu wayar at, wato wadda wuta ke komawa ta cikinta, tsakanin inji da bodi. Inji a kan roba yake zaune, in babu wannan wayar, wutar sitata za ta nemi hanya ta wayar totur ko ta cok ta gasa su. Tankin mai ba a yarda da shi ba sam. Fetur ɗin ciki ya zama ja yana wari kamar fenti, aka sauke tankin don wanki, aka ja mai daga galan.

Tayarwa

An zuba baƙin mai 20W-50, aka cire fulogi huɗu, aka yi ta kik har fitilar mai ta mutu, don kada sababbin metal su fara aiki a bushe. Aka mayar da fulogi aka yi bismilla. Inji ya juya, ya yi tari ta kafireto, ya tofo wuta, bai tashi ba. Sau biyu haka.

Baba ya bi wayoyin fulogi da yatsa ya gano. Jerin wutar 1-3-4-2 ne, yaron ya san wannan, kuma a jere ya sa su. Sai dai ya ƙirga silinda ta ɗaya daga gaba, wajen fanka, yadda ya saba a motocin Japan. A wannan injin ta ɗaya tana baya, wajen fulawil. Don haka kowace wuta tana zuwa ne lokacin da silindar ke ƙarasa fitar da hayaƙi tana fara shaƙa, shi ya sa take fitowa ta kafireto. Aka sauya wayoyin, kik ɗaya ya kama.

Ba a bar shi a silo ba, an ɗan ɗaga totur ya yi zafi a hankali, ido a kan allurar zafi, wani kuma a ƙarƙashi da tocila. Tiyon ƙasa na lagireto ya yi ɗigo, aka ƙara matse shi. Da aka kashe ya huce, Alhaji da kansa ya zaro sandar gwajin mai. Mai ne tsantsa, babu alamar fari. A lagireto kuma Baba ya hana a zuba ruwan rijiyar burtsatse zalla, aka sa ruwan sanyaya inji na gwangwani, saboda tof silindar alminiyam ce kuma silib ɗin a cikin ruwan suke kwana.

A ganina an yi sa'a da aikin ya kasance a gida. A gareji akwai motoci a layi, mai gareji na son wurinsa, yaro na son ya tashi, kuma a irin wannan matsin ne ake ɗauko dogon noti. A gida ba mai korar kowa, an iya cewa a bari sai gobe. Amma gidan ne kuma ya jawo matsalar, domin a gida ne ake iya barin mota damina biyu ba wanda ya ce uffan, kuma aikin ya rabu hannu biyu: masu inji ba su ga giyabos ba, masu giyabos ba su kwance abin da masu inji suka ɗaura ba. Da an shafe sandar nan da giris an ɗaure ta da leda ranar da aka sauke inji, an kuma tokare giyabos da ƙarfe maimakon katako, da rabin wahalar bai taso ba.

An canza robobin famfon kuloci na sama da na ƙasa, an fitar da iska, an duba birki, sannan aka fita da ita ranar Lahadi da safe lokacin da titi ke da sauƙi, aka hau gadar Pen Cinema aka juyo. Giya na shiga ba ƙara, kuloci na kamawa ba karkarwa. A ɗan cunkoson da aka tarar wajen dawowa allurar zafi ta haura fiye da yadda Baba ke so, don haka lagireto zai je a buɗe shi a wanke ciki kafin motar ta shiga go-sulo na ranar aiki. Bayan kilomita 1000 na farko za a sake ɗaure notocin tof silinda da sifanar awo, a gyara ratar bawul injin na sanyi, a zubar da man farko da filta. Sai an yi waɗannan Alhaji zai kai ta gwajin lafiyar mota na jihar Legas ya sabunta takardu. Tafiyar Kaduna da yake ta magana a kai, Baba ya ce ba yanzu ba, sai motar ta yi wata guda tana zirga-zirga tsakanin Agege da Ikeja ba ta ci ruwa ba.